Yadda hoton jijiyoyin jini ke tona asirin ciwon daji

Idan mace daga garin Jangebe ta je asibiti a Talata Mafara da ƙululu a mama, abin da likita zai so ya fara sani shi ne ko ƙari ne marar illa ko kuwa ciwon daji ne. Ɗaya daga cikin alamomin da yake nema ita ce yadda jini ke shiga ƙarin.

Dalili kuwa shi ne, ƙari ba ya iya wuce milimita 1 zuwa 2, wato kamar ƙwayar gero, sai ya samu jijiyoyin jini na kansa. Wani likitan fiɗa a birnin Boston na Amurka, Judah Folkman, shi ne ya gabatar da wannan bayani a shekarar 1971, ya kuma ce idan aka toshe jijiyoyin za a iya hana ƙarin girma.

Manoman rani da ke jan ruwa daga madatsar Bakalori za su gane misalin. Ƙari kan fitar da wani sinadari mai suna VEGF, wanda ke sa jijiyoyin da ke kusa su yi rassa zuwa gare shi, kamar yadda ake haƙa kwata zuwa gona. Sai dai waɗannan rassa aikin gaggawa ne: a murɗe suke, kuma suna yoyo.

Wannan yoyo shi ne na'urar MRI ke kamawa. Akan yi wa majinyaci allurar sinadarin gadoliniyam, sannan a riƙa ɗaukar hoto a jere. A ƙarin daji, sinadarin yakan shiga da sauri ya kuma fice da sauri, alhali a ƙari marar illa yawanci sannu a hankali yake taruwa. Na'urar CT ma tana yin makamancin wannan aiki da sinadarin aidin.

Hanya mafi arha ita ce Doppler, wadda ake yi da irin na'urar sikanin da ake duba masu juna biyu, tana nuna gudun jini da launin ja da shuɗi. Ita ce ta fi kusa da talakan karkara, domin masu ciwon daji daga Zamfara akan tura su ne asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, tafiyar da ke cin kuɗi, ga kuma fargabar 'yan bindiga a hanya.

Hoton yana da wani amfani bayan an fara magani. A shekarar 2004 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Avastin, maganin da ke daƙile VEGF. Irinsa ba lallai ya rage girman ƙari nan take ba, don haka likitoci kan duba ko jinin da ke shiga ya ragu.

To amma hoto na iya yaudara. A ƙarin ƙwaƙwalwa, maganin kan tsayar da yoyon, sai hoton ya yi kyau alhali ƙarin na nan da ransa. A 2011 ma hukumar ta janye amincewarta da Avastin ga sankarar mama, saboda bai tsawaita ran majinyata ba. Maruru da kumburi su ma suna jan jini da yawa, har a ɗauka daji ne. Saboda haka sai an yanki ɗan tsoka an gwada kafin a yanke hukunci.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a 2022 mutane kimanin dubu 127 ne suka kamu da ciwon daji a Najeriya, kusan dubu 80 kuma suka rasu, sankarar mama ce kuma ta fi yawa.