Daga simpa a Yendi zuwa 'yan Vandal a Legon: makaɗan matasa masu tsokanar manya

A ƙasar Dagbon da ke arewacin Ghana, kiɗa yana da masu shi. Makaɗan lunsi gadon sana'ar suke yi, su ne ke riƙe da tarihin sarauta, su ne kuma ke yi wa Ya-Na kirari a fadar Gbewaa da ke Yendi. Amma tun wajajen shekarun 1930 wani kiɗa ya ɓullo a gefensu wanda ba a gadonsa, ba a kuma neman izinin fada kafin a buga shi. Sunansa simpa, kiɗan samari da 'yan mata.

Simpa shi ne sunan da mutanen Winneba ke kiran garinsu na bakin teku, can kudancin ƙasar. Wato tun daga sunan, matasan sun nuna cewa abin nasu baƙo ne. A wancan zamani samarin kudu da ba su da kuɗin sayen kayan busa na 'yan badujala sun ƙirƙiro kiɗan konkoma, suna maci da ganguna da kayan sarki irin na soja. Ire-iren waɗannan kiɗe-kiɗe na kudu, da hailaif, su ne suka hau arewa suka gauraya da salon Dagomba. Ana rera waƙoƙin simpa da Dagbanci, wasu kuma da Hausa, harshen zango da kasuwa.

Dattawa ba su yi maraba da shi ba. A ganinsu dandalin simpa wuri ne da samari da 'yan mata ke cakuɗuwa da dare, waƙoƙin kuma cike suke da habaici. Ƙungiyoyin ma sukan raɗa wa kansu sunaye masu kama da gugar zana. Ɗaya daga cikin na Yendi, wadda masanin kiɗa John Collins ya rubuta labarinta, sunanta "Wait and See", ma'ana jira ka gani.

Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. A tashe, yara kan kwaikwayi malami da attajiri da tsoho a watan azumi, a yi dariya a ba su sadaka. 'Yan kama kan juya karatun malamai su mayar da shi zancen tuwo da miya. Akwai kuma wasan taubasai da na ƙabilu, inda ake faɗa wa mutum abin da in a wani wuri ne sai an kai ga alƙali. Al'umma ce ke ba da wannan dama, bisa sharaɗin da kowa ya sani ko da ba a rubuta shi ba: ba'ar ta shafi kowa, kada ta zama makamin wani ɓangare.

A nan ne simpa ta yi tuntuɓe. Da rikicin sarauta tsakanin gidan Abudu da gidan Andani ya yi zafi, ƙungiyoyin suka rabu, kowacce tana yabon nata tana zambo ga na wancan. Bayan harbin da jami'an tsaro suka yi a Yendi ranar 9 ga Satumban 1969, wanda ya yi sanadin mutuwar mutane da dama, hukuma ta hana simpa na wasu watanni. Rikicin kansa bai lafa ba sai a Janairun 2019 da aka naɗa Ya-Na Abukari na biyu.

Yaran Yendi da Salaga da Bawku da ke tafiya jami'o'in kudu a yau suna tarar da wani abu mai kama da wannan, sai dai a ɗakunan kwanan ɗalibai. Can ana kiransa jama: ganguna da ƙararrawar ƙarfe da tafi, ɗalibai ɗaruruwa suna zagaya makaranta suna waƙa, galibi da kalaman da ba za su iya maimaitawa a gaban iyayensu ba.

A Jami'ar Ghana da ke Legon, mazauna ɗakin Commonwealth suna kiran kansu Vandal, kalmar da a Turanci ke nufin maɓarnaci. Maimakon su ji kunyarta, sai suka ce kowane harafinta yana tsaye ne a madadin wani kyakkyawan hali, kamar fara'a da son maƙwabci da riƙon amana. Ja ne launinsu, suna da sarkinsu na wasa, suna kuma da wani wuri da suka sa wa sunan Bacchus, gunkin giya na Rumawan da. Shugaba John Dramani Mahama yana cikin tsofaffin mazauna ɗakin. A jami'ar KNUST ta Kumasi kuwa, ɗakin University Hall ya fi shahara da sunan Katanga, lardin da ya ɓalle daga Kwango a 1960.

Hausawa na cewa suna linzami ne. Sabon ɗalibi yakan tarar da suna da tarin labaran abin da na gaba suka aikata, wasu gaskiya, wasu an ƙara musu gishiri a bakin masu ba da su. Sai ya ji cewa dole shi ma ya bar abin da za a riƙa faɗa bayansa. Ta haka kowane zubi ke ƙoƙarin wuce na baya.

Sakamakon ya bayyana. A Oktoban 2018 an rufe KNUST bayan zanga-zangar da aka lalata dukiya a cikinta, lokacin da ɗalibai ke fushi da jami'an tsaron makarantar da kuma shigar da mata ɗakunan Katanga da Unity. A Agustan 2022 'yan Commonwealth da 'yan Mensah Sarbah suka gwabza a Legon, aka ƙona mota, aka ɗauke mutum-mutumin John Mensah Sarbah. Daga baya jami'ar ta fitar da tsofaffin ɗalibai maza daga ɗakunan biyu.

Ko a Amurka labarin ɗaya ne. 'Yan badujalar Jami'ar Stanford sun yi suna wajen watsewa a fili maimakon maci a jere, da yi wa abokan hamayya ba'a. A 1982 suka kutsa filin ƙwallo kafin a tashi wasa da Jami'ar Kalifoniya, ɗan wasan da ya ci su ya bangaje mai busa, abin da har yau ake nunawa. Jami'ar ta dakatar da su a 2016. Takwarorinsu na Jami'ar Columbia da kansu suka rusa ƙungiyarsu a 2020, bayan ƙorafe-ƙorafen cin zarafi a tsakaninsu.

Ga iyayen da ɗansu ya dawo hutu da jar riga yana kiran kansa Vandal, sunan kaɗai ba abin tayar da hankali ba ne. A waɗannan ɗakuna ɗalibin da ya baro gida da nisa ke samun wanda zai ba shi abinci, ya nuna masa hanya, har ya taimaka masa da aiki bayan kammala karatu. Abin da ya kamata a tambaye shi shi ne wa suke yi wa waƙa, kuma shin wanda ake yi wa yana iya dariya tare da su. Simpa dai tana nan a Dagbon, ana buga ta a bukukuwan aure da suna.