Famfon asma ba ya kare matafiyi daga ciwon tsauni

Masu sha'awar ƙwallo ba su manta da watan Afrilu na 2009 ba, lokacin da Bolibiya ta lallasa Ajantina da ci 6 da 1 a birnin La Paz, Maradona yana kocin Ajantina, Messi yana cikin fili. Birnin yana kan tsayin mita 3,600 daga teku, inda baƙo yake haki ko da tafiya kawai yake yi. Abin da ke damun ƴan wasa a can shi ne yake kwantar da matafiya a Tibet ta ƙasar Sin da kan dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya. Likitoci suna kiransa ciwon tsauni. A shekarun baya an yi ta yaɗa cewa wani maganin shaƙa na masu asma yana hana shi. Bincike ya ci gaba, kuma amsar da aka samu ta bambanta da abin da aka yi fata.

Me ke kawo ciwon

Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da oksijen kashi 21 cikin ɗari, a Yamai ko a kan tsauni. Abin da yake raguwa idan mutum ya hau sama shi ne nauyin iskar, don haka kowane numfashi yana kai oksijen kaɗan cikin jini. A tsayin mita 5,500 abin da jiki yake samu ya kusa rabin na bakin teku.

Ciwon yakan fara ne daga mita 2,500 zuwa sama, galibi awa 6 zuwa 12 bayan isa. Alamarsa ta farko ciwon kai, sai tashin zuciya, jiri, kasala da rashin son abinci. Yawanci yakan wuce cikin kwana biyu ko uku idan mutum ya tsaya inda yake ya huta. Idan kuwa ya yi taurin kai ya ci gaba da hawa, ruwa yana iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma waɗannan biyun suna kisa cikin ɗan lokaci. Ƙarfin jiki ba ya kare mutum: saurayi ɗan wasa yana iya kwantawa, dattijon da ya hau a hankali ya tsira.

Mu a nan ƙasarmu shimfiɗe take. Yamai tana wajen mita 200, Maraɗi da Tawa da Damagaram babu wadda ta wuce mita 500. Ko ƙololuwar dutsen Bagzan da ke Abzin, wuri mafi tsayi a Nijar, kaɗan ta wuce mita 2,000. Ke nan jikin ɗan Nijar bai saba da tudu ba, kuma ɗalibi ko ɗan kasuwa ko ma'aikacin da jirgi ya sauke shi kai tsaye a gari irin Lhasa ko La Paz yana cikin waɗanda ciwon ya fi saurin kamawa.

Yadda maganar famfon ta taso

Maganin da ake magana a kai sunansa budesonid, wanda ake sayarwa a farmasi da sunan Pulmicort. Yana cikin dangin kortikoyid, masu rage kumburi, kuma masu asma suna shaƙarsa kullum don kumburin hanyoyin numfashi ya lafa. Ya bambanta da Ventoline, famfon da aka fi sani, wanda ake fesawa lokacin da numfashi ya sarƙe.

Likitoci sun daɗe da sanin cewa wani kortikoyid na haɗiya, deksametazon, yana hana ciwon tsauni. Matsalarsa ita ce yana bin jini ya zagaya jiki duka, yana ɗaga sukari, yana hana barci. Sai aka yi tunanin a gwada ɗan'uwansa na shaƙa, tunda shi a huhu yake tsayawa kuma illarsa kaɗan ce.

A 2014 masu bincike a ƙasar Sin suka buga sakamakon gwajin da suka yi da samari 138 masu lafiya, waɗanda aka ɗauka a mota daga ƙasa zuwa tsayin mita 3,900. Waɗanda suka fara shaƙar budesonid kwana guda kafin hawa ba su kamu da ciwon kamar waɗanda aka bai wa maganin wofi ba, wato wanda babu sinadari a cikinsa. A 2015 wani gwajin da aka yi da matafiya zuwa Lhasa ya nuna kusan haka, musamman kan ciwo mai sauƙi. Labari ya bazu cikin masu hawan duwatsu.

Da aka sake gwadawa

A aikin likita, gwajin wuri ɗaya ba ya isa sai wasu sun maimaita sun ga abu guda. A 2017 likitocin Turai suka kai mutane bukkar Margherita da ke kan dutsen Monte Rosa, iyakar Italiya da Suwizalan, mai tsayin mita 4,559. Wasu an ba su budesonid daidai yadda aka yi a Sin, wasu an ninka musu sau huɗu, wasu maganin wofi. Ciwon ya kama su ba tare da wani bambanci ba.

A 2018 aka buga wani gwajin daga Kaliforniya ta Amurka, a tsayin mita 3,810, inda aka gwada budesonid da tsohon maganin da aka sani, asetazolamid. Asetazolamid ya rage yawan masu kamuwa, budesonid bai fi maganin wofi ba. Shekara guda bayan haka, ƙungiyar likitocin daji da tsaunuka ta Amurka, Wilderness Medical Society, ta rubuta cikin ƙa'idojinta cewa kada a yi amfani da budesonid na shaƙa don rigakafin ciwon tsauni.

Akwai dalilin da ya sa sakamakon bai zo da mamaki ba. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya daga ƙwaƙwalwa suke tasowa saboda ƙarancin oksijen, shi kuwa maganin shaƙa an yi shi ne don ya tsaya a huhu. Abin da ya sa ba shi da illa sosai shi ne kuma ya hana shi isa inda ciwon yake.

Abin da yake aiki

Rigakafi na farko shi ne hawa a hankali, domin sannu ba ta hana zuwa. Ƙa'idar likitoci ita ce, da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya fi na jiya da sama da mita 500, kuma a huta yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu.

Wanda ba shi da zaɓi sai ya sauka kai tsaye a gari mai tudu, likita yana iya rubuta masa asetazolamid, wanda aka fi sani da Diamox. Yana sa ƙoda ta fitar da wani gishiri cikin fitsari, jini ya ɗan yi tsami, sai numfashi ya ƙaru, jiki ya saba da wuri. Ana farawa kwana guda kafin hawa. Yakan kawo yawan fitsari da jin tsikari a yatsu. Deksametazon kuwa ɓoye alamun yake yi, ba ya taimaka wa jiki ya saba, kuma yana da haɗari ga mai ciwon sukari. Dukansu biyu magungunan takardar likita ne, kada a saye su hannun masu talla a bakin tasha.

Idan ciwon kai ya zo, a daina hawa. Idan mutum ya fara tangaɗi kamar mashayi, ko maganarsa ta rikice, ko yana haki alhali yana zaune, a sauko da shi nan take ko da dare ne. Saukowar mita 300 zuwa 1,000 takan kawo sauƙi.

Mutum biyu suna buƙatar kulawa ta daban. Mai asma ya tafi da famfonsa ya ci gaba da shaƙa yadda likita ya tsara masa, saboda iskar tsauni mai sanyi da bushewa tana tayar da asma, amma ya sani famfon bai kare shi daga ciwon tsauni ba. Na biyu shi ne mai sikila, ciwon da ya yawaita a gidajenmu. Ƙarancin oksijen yana tayar masa da ciwo tun kafin a kai tsayin da yake damun sauran mutane, kuma ko wanda yake ɗauke da rabin gadon, mai jinin AS, saifarsa tana iya samun matsala a tudu mai tsayi. Duk wanda ya san jininsa haka yake, ya ga likita kafin ya yanki tikiti.