Yadda Duniya Ta Curu Kamar Dawo

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai fura a Burkusuma, ko hura kamar yadda bakin Gobir ke faɗi, ya ga yadda ake cura dawo. An kirɓa gero a turmi, ta gutsuro, ta murza a tafin hannu, ta jefa cikin gari. Kafin ka ankara ƙwarya ta cika da 'yan dunƙule, babu mai kusurwa ko ɗaya. To, ɗaga kanka sama. Wata idan ya kwana 14 dawo ne. Rana dawon wuta ce. Zara matar wata, in an leƙa ta da madubin hangen nesa, ita ma haka take, haka kuma ƙasar nan da muke takawa. Dawo dai mun ga hannun da ya murza shi. Waɗannan fa, da wace hikima Ubangiji ya sa suka curu, ba a samu mai siffar akwati ko tubali a cikinsu ba?

Amsar tana bakin rijiya. Saki guga, ina ya nufa? Ƙasa. Mutumin Makka ya saki nasa, ƙasa. Mutumin Ostareliya, wanda ke can wani gefen duniya, shi ma gugansa ƙasa ya nufa. Da za a yi ta ƙara wa igiyoyin nan tsawo, duk wuri ɗaya za su haɗu, a cibiyar duniya. Ashe abin da muke kira ƙasa, tsakiya ke nan. Wani masani ɗan Ingila, Isaac Newton, ya bayyana wannan a shekarar 1687: kowane abu yana jan ɗan'uwansa, kuma gwargwadon nauyinsa gwargwadon jansa. Kai da jakinka ma kuna jan juna, sai dai jan bai kai ya motsa ko gashin jelarsa ba. Amma idan abu ya kai girman duniya, kowace ƙwayar yashi tana jan sauran, dukkansu kuwa tsakiya suke so.

Ka tuna filin kokawa bayan an kai amfanin gona gida. Makaɗa sun fara, 'yan kokawa sun shiga, jama'a ta taru. Wa ya ja musu layi ya ce su yi da'ira? Babu. Kowa so yake ya matso kusa. In wani gefe ya yi cunkoso, na baya sai su ruga inda ke da sauƙi, har kowane gefe ya daidaita. Mu ƙasa ta tare mu, shi ya sa muke tsayawa a da'ira. A sararin samaniya babu daɓen da za a taka, masu turereniyar suna zuwa ta sama da ta ƙasa da ta kowane gefe, sai da'ira ta zama dunƙule. Dawo daga waje ake matsa shi, duniya kuwa daga ciki aka jawo ta.

Wani zai ce, ai dutse ba ƙullu ba ne, yaya zai yarda a murza shi? Tambayi magini. Idan ya yi gaggawa ya ɗora tubali bisa tubali tun na ƙasa bai sha iska ba, bango sai ya yi ciki ya zauna. Dutse ma haka yake idan kayan da ke kansa suka fi ƙarfinsa, sai dai shi a hankali yake zaunawa. Balle ma a farkonta, shekaru kusan biliyan 4.5 da suka wuce, duniya narkakkiya ce kamar talge a tukunya. Ko yanzu dubi tsibin gero a masussuka, kana zubawa a kai yana gangarowa gefe. Dutsen Eberes, wanda ya fi kowane tsawo a duniya, bai cika kilomita 9 ba. A duniyar Mirrihi, inda jan bai kai rabin namu ba, akwai dutsen da ya haura kilomita 20. Kuma kada tuddai da kwazazzabai su ruɗe ka. Da za a mayar da duniya girman dawo, Eberes ɗin nan ba zai wuce garin da aka barbaɗa masa ba.

Sai dai ba kowa ke samun wannan curin ba, sai wanda ya ƙoshi. Fobos, ɗan watan da ke kewaya Mirrihi, faɗinsa 'yar tafiyar da mai jaki zai gama kafin azahar ce, kilomita 20 da 'yan kai, kuma kamannin dankali gare shi, ko'ina ƙulu-ƙulu. Besta, wani ƙaton dutse mai yawo tsakanin Mirrihi da duniyar Mushtari, ya kai kamar daga Sakkwato zuwa Kano, ya fara curuwa amma bai gama ba. Maƙwabcinsa Siris, mai kilomita 900 da wani abu, ya curu sarai. Wanda jikinsa ƙanƙara ce ya fi saurin yarda, kamar yadda tuwo mai laushi ya fi saurin mulmuluwa: Mimas, watan duniyar Zuhal, kilomita 400 kacal ya ishe shi. Rana da sauran taurari kuwa ba su da gardama ko kaɗan, tunda jikinsu iska ce mai zafi, ga kuma girma. Rana kaɗai za ta haɗiye duniyarmu fiye da sau miliyan.

Curin kuma bai cika cif ba, saboda juyi. Dubi yarinya tana juyi a dandali, bakin zanenta yana buɗewa. Duniya na juyawa sau ɗaya a yini da kwana, don haka ta ɗan yi ƙugu: faɗinta ta tsakiya ya fi tsayinta daga kai zuwa gindi da kilomita 43, cikin kusan 12,700. Newton ya faɗi haka tun yana zaune a ɗaki, sai a 1736 masanan Faransa suka tafi can arewacin Turai cikin sanyi suka auna, suka tarar da gaskiyarsa. Mushtari, da duk girmansa, ba ya cika awa 10 yake juyowa, shi ya sa ya baje kamar kabewa. Zuhal ma ya fi shi bajewa.

A nan gida akwai masu kama da juna da ba uwa ɗaya ta haife su ba. Ɗigon ruwa a kan ganyen gwaza yana dunƙulewa ne don fatar ruwan na tsuke kanta kamar bakin jaka. Tsakuwar da ka tsinta a Gulbin Rima gurzar ruwa da yashi ce ta cinye mata kusurwa. Rumbu kuwa manomi ne ya zaɓa masa siffa, don ya gane zagayayyen gini ya fi cin hatsi da ƙasa kaɗan. Hanya daban-daban, masauki ɗaya.

Idan kana son ka gani da idonka, jira ranar da wata zai yi zazzaɓi, yara na kaɗa gwangwani, manya na sallar husufi. Duhun da ke cin watan inuwar duniyarmu ce, kuma bakinta kullum a lanƙwashe yake kamar bakin faifai, ko ta wane gefe ta faɗo. Abin da ke yin irin wannan inuwa ta kowace fuska dunƙule ne kawai. Aristotal na Girka ya lura da haka fiye da shekaru 2,300 da suka wuce, malaman Bagadaza kuma suka fita sahara suka auna girman dunƙulen a zamanin Halifa Ma'amun.

Ni abin da ke ƙara mini tsoron Allah shi ne, wannan ƙarfi ba a nesa yake ba. Gobe da safe idan ka jawo guga cike ka ji igiya na cin tafin hannunka, abin da ya cura rana da wata ne kake ja da shi.