Tsattsewar Amurka da Masu Jefa Mata Gyare da Cokali

 Mu ƴan aji shida, abin da muka zaɓa mu kawo cikin littafin bana shi ne bayanin wata tsuntsuwa da ba a ƙasarmu take ba, da irin faman da mutanen da take zaune a gidajensu suke yi idan ruwa da sanyi suka haɗu a kanta.

Abin ya samo asali ne ranar da malamin kimiyya ya shigo aji riƙe da gora, an huda shi a gefe. Ya tambaye mu amfaninsa. Wani ya ce na ruwa ne, wani ya ce na kiɗa ne. Malam ya ce a'a, a Amurka ɗakin tsuntsu ne, kuma akwai dattawa a can da suke fitowa cikin ruwan sama da cokali a hannu suna jefa wa tsuntsun abinci sama. Muka kwashe da dariya. Da muka zauna muka bi zancen, sai dariyar ta ragu.

Tsuntsuwar dangin tsattsewa ce, ita ce mafi girma cikin tsattsewar Amurka ta Arewa. Masu ita suna ce mata purple martin, mu kuma muka sa mata suna tsattsewa shunayya, domin namijin idan ya girma baƙi ne mai sheƙi, in rana ta buge shi sai ka ce rawanin da aka rina da baba aka buga. Macen ba ta kai shi kyau ba, cikinta toka-toka ne. Tsawonta kamar santimita 20, nauyinta kuwa bai wuce na ƙwan kaza ba. Tana cin lokacin sanyin Amurka ne a ƙasar Birazil, wajen kogin Amazon, sa'an nan ta dawo arewa ta yi ƙwai. Na farko suna isa jihar Fulorida tun watan Janairu, amma ba sa kai wa Kanada sai wajen farkon Mayu. A 2009 wata malamar jami'a a Kanada, Bridget Stutchbury, da abokan aikinta sun fitar da sakamakon wani bincike inda suka ɗaura wa tsuntsayen ƴar na'ura a baya. Guda ɗaya ta taso daga Birazil ta isa Fensilbeniya, tafiyar kusan kilomita 7,500, cikin kwana 13.

To ina gora ya shigo? Asali tsuntsuwar a kogon itace take sheƙa. Mutanen farko na ƙasar, irin su ƙabilun Cokto da Cikaso, su ne aka san suna rataye mata busasshen duma kusa da gidajensu. Turawa da baƙaƙen fatar da suka zo daga baya suka ɗauki al'adar, har aka kai ga yi mata gidaje masu ɗakuna da yawa na katako da na ƙarfe a kan dogon sanda. Yau a gabashin Amurka kusan dukkanta a gidan da mutum ya kafa take haihuwa. Kun ga ke nan ta zama kamar tantabarar gida wajen kwana, amma wajen ci ba ta yarda ta zama ba, kuma nan ne wahalar take.

Tsattsewa shunayya a sama kawai take cin abinci. Mazari, ƙwaro, ƙuda, zuma, tururuwa mai fiffike, duk tana cafke su ne tana cikin tashi. Ko ruwa ma a guje take sha, ta shafi saman tafki da baki ta wuce. Ba ta tsattsagar hatsi kamar kaza, ba ta tonon ƙasa. In ka zuba mata gero tuli a gabanta, kallonsa za ta yi kamar tsakuwa. Akwai ma wata magana da masu sayar da gidajenta suka daɗe suna yaɗawa, wai tana cinye sauro dubu biyu a rana. Masu bincike sun duba cikinta suka ga sauro ɗan kaɗan ne, domin ita can sama take kiwo da rana, shi kuwa sauro ƙasa-ƙasa yake yawo da dare.

Mu nan mun saba ruwan sama alheri ne ga tsuntsu. In aka yi ruwan farkon damina, shinge ya fito, sai ka ga tsattsewa suna ta shawagi suna cika ciki, yara ma suna tara nasu a kwano. Can kuwa ruwan da ake yi lokacin da tsuntsuwar ta dawo sau da yawa da sanyi yake zuwa. Idan ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 10, ƙwari ba sa iya tashi, sai su lafe a ganye da ciyawa. Haka in ana yayyafi ba ƙaƙƙautawa, ko iska mai ƙarfi, ko hazo. Sama ta zama fayau babu abin ci. A lokacin nan kuma jikin tsuntsuwar ya fi bukatar abinci, saboda da shi take ɗumama kanta. Kwana ɗaya ko biyu tana iya jurewa da ɗan kitsen da ke jikinta. In aka shiga na uku sai jiki ya fara cin naman ƙirji, wato naman da take kaɗa fiffike da shi. Abin tausayin shi ne, ko rana ta fito a kwana na biyar ƙwari suka cika sama, wadda ƙirjinta ya zube ba ta da ƙarfin tashi ta kama su. Mutane suna cewa sanyi ya kashe ta, alhali galibi yunwa ce.

An ga wannan ƙuru-ƙuru a watan Yunin 1972, lokacin da guguwar Agnes ta tsaya kan Fensilbeniya da jihohin da ke kewaye ana ta ruwa kwana da kwanaki. Lokacin ƴaƴan tsuntsayen suna cikin sheƙa. Iyaye da ƴaƴa suka mutu tare, kuma akwai yankunan da aka yi shekaru da yawa gidajen suna tsaye babu mai shiga. Dalili kuwa, tsuntsuwar inda ta yi haihuwa lafiya bara nan take komawa bana. In manyan suka ƙare, babu mai ja wa ƙanana gora zuwa wurin. A Fabrairun 2021 ma da sanyi mai tsanani ya sauka a Tekzas, waɗanda suka riga dawowa da yawa ba su kai labari ba. Kuma masu riga dawowar nan su ne manya, waɗanda suka fi sanin hanya.

Yanzu ga abin da masu gidajen suke yi. Akwai ƙungiya guda da aka kafa a Fensilbeniya a 1987 domin kula da wannan tsuntsuwa kaɗai, ita da tsofaffin masu kiwon suna koya wa sababbi.

Da fari sai mutum ya iya gane alama. Tsattsewa mai lafiya ba ta zama, kullum tana sama tana surutu. In ka gan ta ta yini a bakin ɗaki shiru, gashi ya tashi buzu-buzu, fikafikai sun saki sun rataya ƙasa da wutsiya, to yunwa ta ci ta. Masu gwaninta ba sa ma jiran wannan. Suna sauraron hasashen yanayi, in an ce kwana uku za a yi ana ruwa da sanyi, tun a rana ta biyu suke fara aiki.

Aikin kuwa shi ne abin da ya ba mu dariya a aji. Ana sayen gyare, domin a can kiwonsa ake yi ana sayarwa a shago saboda masu kamun kifi da masu ajiye ƙadangaru. A sa shi a firji ya daskare ya mutu, in bukata ta zo a jiƙa shi da ruwan ɗumi ya saki. Sai mutum ya ɗauki dogon cokalin roba, ya ɗora gyare ɗaya, ya tanƙwaro cokalin baya ya sake, kamar yadda muke harba danƙo. Gyaren ya tashi sama ya wuce ta gaban tsuntsayen da ke zaune. Ba a kansu ake saitawa ba, kada su tsorata. Sama da su kaɗan, inda idonsu zai bi shi.

Da farko ba abin da zai faru. Su dube shi ya tashi, su dube shi ya faɗo. Mutum yana iya jefa goma, ashirin, hamsin, hannu ya ƙage don sanyi, maƙwabta suna leƙe ta taga. Mu a ganinmu nan ne mafi yawan mutane za su ce kai, a bar shi. Amma tsuntsuwar ba taurin kai take yi ba. Ita a saninta abinci shi ne abin da ke motsi a sama, kuma ba ta taɓa ganin ya fito daga hannun mutum ba. Can sai guda ɗaya, wadda yunwa ta fi matsa wa, ta zabura ta cafke. Shi ke nan fa. Sauran suna ganin ta haɗiye sai su biyo, kafin a jima suna ta zagaye kan mai cokalin.

Daga nan sai a bi da su a hankali. A riƙa jefawa kusa da wani faranti da aka kafa kan sanda, har su gane cewa abin da ya faɗa kan farantin ma abinci ne. In sun saba da faranti an huta da cokali. Wasu kuma suna sauke gidan su zuba gyaren a cikin ɗakunan. Bayan gyare ana ba su tsutsar dusa, sa'an nan a kai ga mafi araha, wato ƙwan kaza da aka kaɗa aka dafa ba gishiri, aka yayyanka ƙanana. Ba a farawa da ƙwai, domin bai yi kama da ƙwaro ba. Sai an cuɗa shi da gyare sun ɗanɗana tukuna. Gurasa, shinkafa da hatsi kuwa ba su da amfani gare ta, cikinta ba na wannan ba ne.

Sai batun ɗaki. Shi ya sa ake kafa gidan da igiya ko abin murɗawa, yadda za a sauke shi kamar tuta a duba a mayar. Tun kafin tsuntsayen su iso ake shimfiɗa musu busasshiyar ciyawa ko ganye, kada su kwana kan ƙarfe tsirara. Ana huda ƙasan gora don ruwan da ya shiga ya tsiyaye. Ɗaki mai zurfi ya fi, saboda feshin ruwa ba ya kai wa ƙurya. In sheƙa ta jiƙe sharkaf, ana kwashe ƴaƴan a ɗan ajiye su cikin kwano mai tsumma, a zubar da jiƙaƙƙiyar a sa busasshiya a mayar da su. Mu ma mun taso muna jin cewa in ka taɓa ɗan tsuntsu uwarsa za ta guje shi. Wannan dai ba ta gudu, ana mayar da gidan sama take komawa ciyarwa. A dare mai tsananin sanyi wasu suna sa ƙwan lantarki a ɗakin da babu kowa don ɗumi ya ratsa sauran, ko su sa ƴar jakar nan da ke yin zafi da kanta, wadda ake riƙewa a aljihu lokacin sanyi.

Akwai wani haɗari da ba mu taɓa zato ba. In sanyi ya yi yawa, tsuntsayen sukan bar ɗakunansu su cunkushe a ɗaki ɗaya, goma ko fiye, don su ji ɗumin juna. Dabara ce mai kyau, sai dai in ta bakin ƙofa ta mutu cikin dare, gawarta ta toshe hanya, na ciki ba su da mafita. Don haka mai gida yake fitowa da safe ya duba kowace ƙofa, in ya ga wutsiya ta leƙo ba ta motsi ya san abin da ake ciki. Amma kuma ba a yawan sauke gidan ba dalili a irin wannan rana, domin duk tashin da suka yi a tsorace ƙarfi ne suka ƙona wanda ba su da abin mayar da shi.

Wani cikinmu ya tambaya a aji, shin ba shisshigi ba ne, tsuntsun daji a bar shi da halinsa mana? Mun yi gardama sosai a kai. Inda yawancinmu muka tsaya shi ne, wanda ya rataye gora har tsuntsuwa ta baro Birazil ta nufo ƙofar gidansa, ba zai ce ba ruwansa ba ranar da sama ta rufe. Kuma ciyarwar ta ƴan kwanaki ce, ba ta mayar da ita kaza.

Kafin mu rufe, malam ya nuna mana cewa wata tsattsewar da muke gani nan bayan damina baƙuwa ce, daga Turai take ƙetaro Sahara, kuma ita ma wannan matsala tana samunta. A kakar 1974 sanyi ya sauko da wuri a Jamus da Suwizalan kafin tsattsewa su ƙetare duwatsun Alf. Mutane suka riƙa tsince su a kwali, dubun dubata, aka ɗora su a jiragen sama da na ƙasa zuwa kudu inda akwai ɗumi, aka sake su suka ci gaba da tafiyarsu zuwa Afirka.

Ita kuwa shunayya, ranar da gari ya washe ƙwari suka tashi, ko kallon farantin ba ta yi, sai ta koma can sama abinta. Masu kiwon sun lura cewa wadda ta taɓa koyon cin gyaren cokali ba ta mantawa. In ta dawo baɗi aka sake yin sanyi, da mai gida ya buɗe ƙofa sai ta taso ta nufo shi, sababbin da ba su sani ba kuma su koya daga gare ta.