Wa ya shata unguwannin Romawa a Turai?

A watan Disamban 2010, ana tsakiyar sanyi, hukumomin birnin Cluj-Napoca na Romaniya suka tashi iyalan Romawa da dama daga titin Coastei, suka kai su Pata Rât, gefen jujin birnin. Kafin nan, a 1999, garin Ústí nad Labem na Jamhuriyar Cek ya gina katanga tsakanin gidajen Romawa da na maƙwabtansu, sai da surutu ya yi yawa aka rushe ta. Romawa, waɗanda asalin kakanninsu Indiya ne, sun kai miliyan 10 zuwa 12 a Turai, kuma da yawa daga unguwanninsu na bayan gari, marasa ruwan famfo da magudana, hukuma ce ta shata su da hannunta.

Wasu na cewa Romawan ne suka fi son zama cikin danginsu, kuma ba sa biyan haya. Ai wanda aka loda kayansa a mota aka sauke shi a bakin juji ba a tambayi ra'ayinsa ba. Maganar haya kuwa tana da ƙamshin gaskiya, amma mafarinta ake tsallakewa. Mai ɗaukar aiki da ya ga adireshin unguwar sai ya ajiye takardar, motar haya ba ta cika zuwa can ba, yara kuma a ware su a makaranta. A 2007 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta samu Cek da laifin wariya saboda tura yaran Romawa makarantun masu taɓuwar fahimta. Yaron da ya fito daga nan, da wane albashi zai biya haya a tsakiyar gari?