Miyau da aikinsa a tauna da magana

Miyau, ko yawu, ruwa ne da jiki ke fitarwa a cikin baki. Kusan kashi 99 cikin 100 nasa ruwa ne, sauran kuma gishiri ne da sinadarai irin su amilez da musin. Baligi mai lafiya yana fitar da tsakanin rabin lita zuwa lita 1.5 a rana. Idan miyau ya yi ƙaranci, ko ya taru a baki ba a haɗiye shi ba, tauna da magana sukan yi wuya.

Inda yake fitowa

Manyan maɓuɓɓugan miyau shida ne, uku a kowane ɓangare na fuska: ɗaya a gaban kunne, ɗaya a ƙarƙashin muƙamuƙi, ɗaya a ƙarƙashin harshe. Ta gaban kunnen ce ke kumbura idan yaro ya kamu da hangum. Akwai kuma ɗaruruwan ƙanana a leɓe da kumatu da ganɗa. Idan mutum ba ya cin komai, miyau yana gudana kimanin mililita 0.3 zuwa 0.4 a minti. Tauna da ɗanɗano, musamman na abu mai tsami, suna ninka shi sau da yawa. A lokacin barci kuwa yana raguwa ƙwarai.

Tauna

Haƙora suna niƙa abinci, amma miyau ne ke jiƙa shi ya haɗe shi ya zama loma. Musin yana sa lomar ta yi santsi ta wuce maƙogwaro. Amilez kuma yana fara narkar da sitaci tun a baki, shi ya sa burodi ke fara zaƙi idan an daɗe ana taunarsa. Harshe ba ya jin ɗanɗano sai abincin ya narke a cikin ruwa. Mai bushewar baki yakan daɗe yana tauna, busasshen abinci kamar ƙuli-ƙuli ko biskit ya manne masa a ganɗa, har sai ya kora da ruwa. Haƙoran roba ma ba sa zama daidai a busasshen baki.

Magana

Wajen furuci, harshe da leɓe suna taɓa sassan baki su rabu da su cikin sauri. Misali, kan harshe yana taɓa hanƙa a furta t da d, leɓɓa kuma suna haɗuwa a furta b da m. Miyau ne ke hana su mannewa. Idan baki ya bushe, harshe yakan yi nauyi, a riƙa jin ɗan ƙas-ƙas a cikin magana, mutum ya gaji da wuri. Tsoro ma yana rage miyau, shi ya sa baki ke bushe wa wasu idan za su yi jawabi a gaban jama'a.

Abubuwan da ke sauya gudanarsa

Likitoci suna ɗaukar ƙasa da mililita 0.1 a minti a matsayin ƙarancin miyau. Magunguna ne suka fi jawo shi, kamar wasu na hawan jini da na mura da na ciwon damuwa. Sauran dalilai sun haɗa da ƙarancin ruwa a jiki, ciwon sukari, gashin kansa a kai ko wuya, da cutar Sjögren, wadda likitan ido ɗan Suwidin Henrik Sjögren ya bayyana a 1933. Dalalar miyau ga masu shanyewar ɓarin jiki ko cutar Parkinson galibi daga raunin haɗiya take, ba daga yawan miyau ba.

Kulawa

Kurɓar ruwa akai-akai da tauna cingam marar sukari suna taimakawa. Akwai kuma miyau na wucin gadi da magunguna masu motsa maɓuɓɓugan. Tun da miyau yana kare haƙora daga ruɓewa, mai daɗaɗɗiyar bushewar baki yana bukatar ganin likitan haƙori, kuma bai kamata ya daina shan wani magani ba sai da shawarar likita.