Shaihu Umar: Fim ɗin da ya kusa ɓacewa kafin 'ya'yanmu su san shi

A shekarar 1993 shirin zanen barkwanci na talabijin ɗin Amurka, The Simpsons, ya kwaikwayi fim ɗin Cape Fear, wanda aka fara yi a 1962 aka kuma sake shi a 1991. A ainihin fim ɗin, wani tsohon ɗan fursuna ne ke farautar iyalin lauyan da ya ɗora wa alhakin ɗaurinsa. A zanen kuwa, mugun ya zama abin dariya: duk inda ya sa ƙafa sai ya taka manjagara, ƙotarta ta tashi ta buge masa fuska. Irin wannan shaguɓe yana armashi ne saboda jama'a sun san asalin labarin, wanda bai sani ba kuma sai ya tafi nema.

Masu kallon finafinan Hausa sun san wannan salo. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi suna da shi a finafinai irin su Ibro Awilo, inda ya kwaikwayi mawaƙin Kwango Awilo Longomba. Sai dai da wuya a ga an yi wa tsofaffin finafinanmu irin wannan gata, domin ba a kwaikwayon abin da ba a gani ba.

Shaihu Umar babban misali ne. Adamu Halilu ya shirya shi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan kuma ya fito a matsayin Shaihun. Labarin yaro ne ɗan Kagara da aka sace, bauta ta ƙetarar da shi hamada zuwa Masar, ya dawo babban malami, mahaifiyarsa kuwa ta sha baƙar wahala wajen nemansa. An daɗe ana zaton fim ɗin ya salwanta, sai a 2016 aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Cibiyar Arsenal ta birnin Balin a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na birnin a 2018.

Labarin uwa mai bin sawun ɗanta da aka sace ba baƙo ba ne ga mutanen Gusau, Tsafe da Bunguɗu, waɗanda garkuwa da mutane ta addaba. Amma yaran waɗannan garuruwa sun fi sanin Tom and Jerry a kan Shaihu Umar.

Gyara fim rabin aiki ne. Ragowar shi ne kai shi gaban jama'a. Gidajen talabijin da Jami'ar Tarayya ta Gusau na iya neman izinin nuna shi ga ɗalibai da sauran jama'a. Idan yara suka san Umar da mahaifiyarsa, masu zanen kwamfuta za su sami labarin gida da za su gina a kai, ko da wasa ko da gaske.